Kabewa da Yajinta: Kimiyyar da Ke Cikin Abin Shan Kaka na Amurkawa

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya doshi ƙarewa, kantunan abinci da gidajen shan gahawa na ƙasashen Amurka da Kanada sukan cika maƙil da kayayyaki masu ɗauke da hoton kabewa. Akwai gahawa mai madara, akwai biskit da burodi da alewa, har da kyandir da sabulu, kowanne an rubuta a jikinsa cewa yana da ɗanɗano ko ƙamshin kabewa. Wanda ya saba cin kabewa a miyar taushe zai yi mamaki, domin ya san ba ta da wani ƙamshi na a-zo-a-gani, balle har a zuba ta cikin abin sha. Mamakin nasa kuwa yana kan hanya. Mafi yawan abin da Ba'amurke yake ji a hancinsa ya ce "kabewa", daga kayan ƙamshi huɗu ko biyar yake fitowa, sai kuma abin da zafin wuta yake yi wa kabewar. Wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: yaji ke aiki, kabewa ke ɗaukar suna.

A wannan darasi za mu warware abin da kowane ɓangare yake bayarwa, mu ga yadda ake haɗa waɗannan abubuwa a gida, da kuma wuraren da sakaci kan jawo cuta. Duk digirin zafi da aka ambata na ma'aunin santigireti ne.

Kaka a can, da asalin kabewa

Duniyarmu a karkace take zagaya rana, karkatar da ta kai kimanin digiri 23 da rabi. Saboda haka ƙasashen da suka yi nisa arewa suna da yanayi huɗu a shekara. Wajen 22 ko 23 ga Satumba dare da yini sukan yi kunnen doki, daga nan yini ya riƙa raguwa, sanyi ya fara shigowa. Wannan shi ne kakarsu, lokacin girbi. Itatuwa da yawa sukan daina sarrafa kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, sai launin rawaya da na ruwan goro da ke ɓoye a cikin ganyen su bayyana. Sinadaran da ke ba da waɗannan launuka ana kiran su karotinoyid, kuma danginsu ne suka rina tsokar kabewa. Ke nan ganyen da ke zuba a titi da kabewar da ke gona, rini ɗaya suka sha.

Kabewa 'yar asalin nahiyar Amurka ce. A kogon Guilá Naquitz da ke jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko an tono 'ya'yan kabewar gona, nau'in Cucurbita pepo, waɗanda aka auna shekarunsu suka kai kimanin 10,000. Wannan ya sa ta cikin tsirran da ɗan Adam ya fara nomawa, ta ma riga masara. Al'ummomin asali na arewacin nahiyar sukan shuka ta a gona ɗaya da masara da wake: wake ya hau karan masara, ya kuma ƙara wa ƙasa taki, kabewa ta yaɗu ta rufe ƙasa da faffaɗan ganyenta, ta hana ciyawa fitowa da danshi gudu. Sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 irinta ya tsallaka teku zuwa Turai da Afirka da Asiya. Danginta a wurinmu su ne duma da kankana da guna da agushi, duk gida ɗaya suke a rabe-raben masana tsirrai.

Turawan da suka yi ƙaura zuwa can sun koyi cinta daga mutanen da suka tarar, suka kuma haɗa ta da madara da ƙwai da kayan ƙamshin da suka saba da su a Turai. Littafin girki na farko da wani ɗan ƙasar ya rubuta aka buga a Amurka, American Cookery na Amelia Simmons, wanda ya fito a 1796, yana ɗauke da yadda ake gasa kabewa da madara da ƙwai da citta a cikin ɓawon fulawa. Wannan shi ne fai ɗin kabewa, wanda har yau ake ci a Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A 1934 kamfanin McCormick ya fara sayar da kayan ƙamshin wannan fai a haɗe cikin gwangwani ɗaya, shi ne abin da za mu riƙa kira yajin kabewa. A 2003 kuma kamfanin Starbucks ya fito da gahawa mai madara da ya sa wa suna Pumpkin Spice Latte, ta karɓu ƙwarai. Abin lura a nan shi ne, shekara goma sha biyu aka yi ana sayar da ita babu ko ɗigon kabewa a ciki. Sai a 2015 aka fara zuba 'yar kaɗan.

Me ke cikin kabewar kanta?

A cikin giram 100 na ɗanyar kabewa, fiye da giram 90 ruwa ne. Sukarinta bai kai giram 3 ba, maiƙo kusan babu, ƙarfin da take bai wa jiki kuwa kalori 26 ne kacal. Wannan ya isa ya bayyana dalilin lamin ta. Amma tana da abubuwa biyu da yaji ba zai iya bayarwa ba. Na farko shi ne jiki: zare-zarenta da sinadarin fektin da ke bangon ƙwayoyin halittarta suna riƙe ruwa, su sa abin sha ya yi kauri, burodi kuma ya daɗe bai bushe ba. Na biyu shi ne bita-karotin.

Idan aka ci bita-karotin, wani inzayim da ke bangon hanji yakan raba ƙwayarsa gida biyu, ya mayar da shi bitamin A. Ido yana bukatar wannan bitamin domin haɗa sinadarin da ke kama haske a wuri mai duhu-duhu, shi ya sa alamar farko ta ƙarancinsa ita ce dundumi. Rashinsa yana kuma raunana garkuwar jikin yara, musamman a gaban cutar ƙyanda. Giram 100 na ɗanyar kabewa yana ba da kimanin maikurogiram 400 na bitamin A (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), alhali abin da masana abinci na Amurka suka ƙayyade wa 'yan shekara 14 zuwa 18 a rana shi ne 700 ga mata, 900 ga maza. Adadin yana bambanta daga iri zuwa iri, kuma ido ma yana iya aunawa: gwargwadon turuwar launin tsokar, gwargwadon yawan karotin.

Bita-karotin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, don haka hanji ya fi tsotsarsa idan an ci shi tare da mai. Maiƙon madara yana yin wannan aiki a abin shan Amurkawa, kamar yadda gyaɗa take yi a miyar taushe.

Ba kowace kabewa ce ta dace da girki ba. Manyan nan da ake fafewa a sassaƙa musu fuska a bikin 31 ga Oktoba, domin girma da siffa aka zaɓi irinsu, tsokarsu ruwa ce da harza. Kabewar gwangwani da Amurkawa suke girki da ita yawanci wata doguwa ce mai suna Dickinson, nau'in Cucurbita moschata, da ake nomawa a kewayen garin Morton na jihar Ilinoi. Mai saye a kasuwa sai ya nemi mai nauyi a hannu, mai kaurin tsoka, mai turarren launi.

Harshe da hanci

Kafin mu shiga batun yaji, ya kamata ɗalibi ya bambance tsakanin ɗanɗano da ƙamshi. Harshe abu biyar yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani na biyar mai kama da daɗin romo ko daddawa, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya bayyana a 1908 ya kira shi umami. Duk sauran abin da muke cewa "ɗanɗano" aikin hanci ne. Lokacin da mutum yake tauna, ƙananan ƙwayoyin sinadarai masu tashi a iska sukan bi ta bayan maƙogwaro su hau zuwa saman kogon hanci, inda akwai masu karɓar saƙon wari iri-iri har kimanin 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano ƙwayoyin gadon waɗannan masu karɓa a 1991, aka ba su lambar Nobel a 2004. Mai mura yakan ce abinci ya yi masa lami, alhali harshensa lafiya lau yake, hanyar hancin ce ta toshe.

Saƙon wari yana isa da sauri ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin rai. Ba'amurken da ya tashi yana shaƙar kirfa da citta duk ranar da dangi suka taru, da ya ji ƙamshin sai gida ya faɗo masa. 'Yan kasuwa sun san da haka sarai, shi ya sa suke sayar da abin na 'yan watanni kawai su janye.

Kayan yajin, ɗaya bayan ɗaya

Kirfa ita ce uwar tafiya, takan kai rabin haɗin. Ɓawon itace ce, kuma ƙamshinta daga sinadarin sinamaldehaid yake. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai ta Siri Lanka, Cinnamomum verum, wadda sandarta take da siraran faifai da yawa a naɗe kamar takarda, tana murƙushewa a hannu. Akwai kuma kasiya, wadda ake kawowa daga Sin da Biyetnam da Indunisiya, mai ɓawo ɗaya mai kauri da tauri, ta fi ƙarfi, ta fi araha, ita ce kuma ta fi yawa. Kasiya tana ɗauke da kumarin, sinadarin da kan wahalar da hantar wasu mutane idan ana yawan ci. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga ɗalibi mai kilo 50, miligiram 5 ke nan, kuma ƙaramin cokali ɗaya na garin kasiya yana iya kaiwa ko ya wuce haka. Ɗan abin da ake barbaɗawa a kofi ɗaya bai kai nan ba, masu shan ta cokali-cokali kullum da sunan magani su ne abin ji.

Citta ita ce ta fi ban sha'awa ga mai nazarin sinadarai, domin fuska uku gare ta. Ɗanyarta tana da jinjarol mai yaji, ga kuma ƙamshi kamar na lemo. Idan aka busar da ita, jinjarol yakan saki ƙwayar ruwa ya zama shogawol, wanda ya kusan ninka shi yaji. Idan kuma aka dafa ta, wani sashe yakan koma zinjaron, mai sauƙin yaji da ƙamshi mai daɗi irin na biskit. Zafin da ake ji a baki ba ɗanɗano ba ne: waɗannan sinadarai suna taɓa jijiyoyin da ke jin zafin wuta, irin waɗanda barkono yake taɓawa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka baki ya ɗumama. A ƙasar sanyi wannan abin so ne. Nijeriya tana cikin manyan masu noman citta a duniya, mafi yawanta daga kudancin jihar Kaduna, wajejen Kachiya da Kwoi da Kafanchan.

Kanumfari tohon fure ne da aka tsinka tun bai buɗe ba aka shanya. Asalinsa tsibiran Maluku na Indunisiya, daga baya aka kai shi Zanzibar da Pemba. Mansa, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari sinadarin yujinol ne, wanda ke kashe jin zafi na ɗan lokaci, shi ya sa ake danna shi a kan haƙori mai ciwo, likitocin haƙori ma suna amfani da shi. Yana da ƙarfi ainun, idan ya yi yawa sai abin sha ya koma kamar magani. Na huɗu shi ne barkonon Jamaika, Pimenta dioica, shi kaɗai ne ɗan asalin nahiyar Amurka a cikin haɗin. Shi ma yujinol ne ya rinjaye shi, don haka wanda bai samu ba yana iya ƙara ɗan kanumfari ya wuce wurin.

Na biyar ita ce gyaɗar ƙamshi, ƙwallon itacen Myristica fragrans. Kada a rikita ta da gyaɗar miya, Monodora myristica, ta dazuzzukan Afirka, ko da yake wasu masu sayarwa suna kiran su da suna ɗaya. A da, a tsibiran Banda kaɗai ake samun ta a duk duniya, kuma an zubar da jini a kanta. A 1621, shekarar da Turawan Plymouth suka yi bikin girbin da Amurkawa suke danganta Ranar Godiya da shi, sojojin kamfanin cinikin Holan a ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen suka mamaye Banda, suka kashe ko suka bautar ko suka kori mafi yawan mutanenta domin su mallake cinikin. A yarjejeniyar Breda ta 1667 Ingila ta sallama wa Holan tsibirin Run na Banda, ita kuma ta riƙe Manhattan, inda tsakiyar birnin New York yake a yau. Gyaɗar ƙamshi tana da miristisin, kuma idan mutum ya ci giram 5 ko fiye a lokaci ɗaya, kimanin ƙaramin cokali biyu, tana jawo jiri da amai da bugun zuciya da ruɗewa. A ajiye ta nesa da yara.

Haɗin da aka saba yi shi ne: garin kirfa ƙaramin cokali 4, garin busasshiyar citta 2, gyaɗar ƙamshi 1, kanumfari rabi, barkonon Jamaika rabi. A daka kaɗan-kaɗan, a rufe a kwalba, a ɓoye daga rana. Tunda ƙamshin sinadarai ne masu tashi a iska, garin da ya shekara a buɗe kusan dusa ne.

Dafawa ko gasawa?

A nan ne mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa. Muddin akwai ruwa a tukunya, zafin abin da ke ciki ba zai wuce digiri 100 ba. Kabewar da aka dafa a ruwa takan ƙara shan ruwa, ɗan sukarinta ya tsiyaye. Amma idan fuskarta ta bushe zafi ya haura digiri 140, sai sukari ya fara haɗuwa da amino asid, tubalan ginin furotin, a samu ɗaruruwan sababbin sinadarai masu ƙamshi da launin ruwan ƙasa. Masanin Faransa Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, ana kuma kiran ta da sunansa. Ita ce ke ba tsire da ɓawon burodi da soyayyar gyaɗa ƙamshinsu. Wajen digiri 160 kuma sukari shi kaɗai yakan fara ƙonewa ya yi ja, irin yadda ake gani wajen yin alewa.

Saboda haka sai a raba kabewa biyu, a kwashe harza da 'ya'ya, a kife ta a faranti, a gasa a obin mai zafin digiri 200 na minti 40 zuwa 50, har cokali ya shige ta ba gardama. Wanda ba shi da obin yana iya yanka ta yanka-yanka ya gasa a kan waya bisa garwashi. A kankare tsokar, a markaɗa ko a dama da muciya, a tace da rariya. Idan ta yi ruwa, a juye a kasko a riƙa juyawa a wuta kaɗan na minti 10, har ta yi kauri kamar tuwon da bai gama nuna ba.

Haɗa abin shan

Domin kofi ɗaya ana bukatar markaɗaɗɗiyar kabewa babban cokali 2, yajin kabewa rubu'in ƙaramin cokali, sukari ƙaramin cokali 2, madara mililita 200, da gahawa mai ƙarfi mililita 60. Ga ɗalibai, shayi ya fi, ko ma a bar madarar ita kaɗai, domin gahawa da yamma tana hana barci.

A fara zuba kabewa da yaji da sukari a ƙaramar tukunya tare da ɗan man shanu, a juya minti 2. Dalili shi ne sinamaldehaid da yujinol ba su cika narkewa a ruwa ba, maiƙo ne ke jawo su daga cikin garin ya rarraba su. Wanda ya barbaɗa garin kirfa kai tsaye a kan ruwan zafi zai ga yana yawo a sama, daga baya ya kwanta a gindin kofi ya yi yauƙi. Bayan haka a zuba madara a hankali ana burgawa da maburgi, a ɗumama ta zuwa digiri 60 ko 65, wato ta yi tururi amma ba ta tafasa ba. A wannan zafi furotin ɗin madara yakan lulluɓe ƙananan kumfar iska ya riƙe su. A tace, a zuba gahawa ko shayi. Idan madarar shanu ce ɗanya, wajibi ne a tafasa ta tukuna ta huce, saboda cututtukan da kan biyo madara, irin su tarin fuka na shanu.

Kada a matsa ruwan ɗanyar citta a cikin madara mai ɗumi. Ɗanyar citta tana da wani inzayim mai suna zinjiben, wanda ke yanka furotin ɗin madara, kasin, ya sa ya dunƙule, kuma ya fi aiki daidai wannan zafi na digiri 60 zuwa 65. Mutanen lardin Guangdong na ƙasar Sin da gangan suke yin haka su sami wani abin ci mai kama da kindirmo, kamar yadda masu yin cuku a ƙasarmu suke amfani da ruwan tumfafiya. Wanda yake son ɗanyar citta a abin shansa sai ya tafasa ta tukuna, domin tafasa tana kashe inzayim ɗin.

Sai batun sukari. Matsakaicin kofin da ake sayarwa a gidajen gahawa na Amurka, mai mililita 473, yana ɗauke da wajen giram 50 na sukari idan aka haɗa da na cikin madarar, kimanin ƙaramin cokali 12 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bayar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ga baligi, kuma rabin haka ya fi. Na gida mai cokali 2 yana da giram 8 na ƙari, kabewarsa kuma ta fi yawa. A ganina wannan shi ne babban dalilin da zai sa mutum ya haɗa da kansa.

Burodi, fai da 'ya'ya

Burodin kabewa ba ya bukatar yis. Ana haɗa fulawa giram 220, yaji ƙaramin cokali 2, gishiri rabin cokali, da bekin soda ƙaramin cokali 1 a kwano ɗaya. A wani kwanon a kaɗa ƙwai 2, sukari giram 150, man gyaɗa mililita 100, kabewa giram 250, da nono mai tsami babban cokali 3. A haɗe su, a juya kaɗan iyakar garin ya ɓace, domin yawan juyawa yana ƙarfafa danƙon alkama ya sa burodin tauri. A gasa a digiri 175 na kimanin awa ɗaya, ko a tukunyar da aka shimfiɗa wa yashi aka rufe, har tsinken da aka soka ya fito a bushe.

Bekin soda shi ne sodiyam baikabonet, ɗan uwan abin da ke cikin kanwa. Idan ya gamu da asid ɗin nono sai a samu wannan:

NaHCO3 + H+ → Na+ + H2O + CO2

Iskar kabon dayoksaid ita ce ke kumbura ƙullun, don haka da an haɗa sai a gasa, kada a jira ta tsere. Idan soda ya yi yawa, burodin zai yi duhu, domin haɗuwar Maillard ta fi sauri inda babu tsami, ya kuma yi ɗanɗanon sabulu.

Shi fai, ƙwai ne ke riƙe shi. Furotin ɗin ƙwai da aka gauraya da madara da sukari yakan kama wajen digiri 80. Idan zafi ya zarce, sai ya tsuke ya matse ruwa, fuskar ta tsage. Ana sauke shi tun tsakiyarsa tana ɗan rawa, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa aikin.

'Ya'yan kuwa kada a zubar. Cikinsu kusan kashi 30 cikin ɗari furotin ne, kusan rabi kuma mai, ga sinadaran zinki da maganiziyam da ƙarfe. A wanke, a shanya, a shafa ɗan mai da gishiri ko yaji, a gasa a digiri 160 na kimanin minti 20.

Ajiya, da inda haɗari yake

Kabewa sukutum, idan ɓawonta bai ji rauni ba, takan yi watanni a wuri mai sanyi da iska. Da an dafa ta kuwa labari ya sake. Ma'aunin tsami, pH, yana tashi daga 0 zuwa 14, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon tsami. Kabewa tana tsakanin 5 da 5.5. Bakteriyar Clostridium botulinum, wadda irinta ke zaune a ƙasa, tana iya tsira a duk abincin da ya haura 4.6 matuƙar babu iska. Irin nata yana jure tafasa ta digiri 100, sai an kai 121 a tukunyar matsi yake mutuwa. Dafin da take fitarwa yana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma sau da yawa abincin ba ya canza wari ko kama. Wannan ne ya sa Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta yi gargaɗi kada a ɗura markaɗaɗɗiyar kabewa a kwalba a toshe a ajiye a gida, ko da an yi amfani da tukunyar matsi, domin kaurinta yana hana zafi isa tsakiya.

A firji mai sanyin digiri 4 takan yi kwana 3 zuwa 4, a ƙanƙare kuma watanni. Inda wutar lantarki ba ta zama, a gasa iyakar abin da za a ci a ranar, sauran a fere a shanya. Fai da duk abin da ke da ƙwai da madara kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuwa, awa 1.

In aka ɗanɗana kabewa aka ji ɗaci mai tsanani, a tofar, a zubar da ita duka. Ɗacin na sinadarin kukurbitasin ne, wanda ke sa amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Yakan bayyana idan kabewar gona ta yi barbara da 'yar uwarta mai ɗaci aka shuka irin.

Aikin aji

Malam ya gauraya sukari babban cokali 2 da garin kirfa rabin ƙaramin cokali. Kowane ɗalibi ya toshe hancinsa da yatsu, ya ɗora ɗan mitsitsi a harshe, ya rubuta abin da ya ji, sa'an nan ya saki hancin ya sake rubutawa. Kada a bari kowa ya kamfaci busasshiyar kirfa, domin tana shaƙewa ta shiga huhu.

Gwaji na biyu: a goga ɗanyar citta a matse ruwanta, a raba biyu, a tafasa kashi ɗaya na minti 2. A zuba babban cokali 1 na kowanne a kofinsa, a juye madara mililita 100 mai zafin digiri 65 a kai, a bar su minti 10 ba a taɓa ba. Ɗalibai su amsa:

1. Wane kofi ne madararsa ta kama, kuma me tafasa ta yi wa na ɗayan?
2. Me ya sa aka yi amfani da madara iri ɗaya, da zafi ɗaya, a kofunan biyu?
3. Ɗaliba mai kilo 45, miligiram nawa na kumarin ne iyakarta a rana?
4. Idan aka maye gurbin nono mai tsami da ruwa a burodin kabewa, me kake tsammani zai faru da tashinsa, kuma don me?